Daga «nitl» zuwa «Weihnukka»: Yahudawa da daren Nowel ta bakin kalmominsu

0. Gabatarwa

A Nijar ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce, ko da yake mafi yawan masu hutun Musulmi ne. A nan sallar Nowel ta tsirarun jama'a ce, masu rinjaye daga gefe suke kallonta. A Turai kuwa, shekaru aru-aru, al'amarin a juye yake: gari duka na buki, in ban da ƴan gidaje kaɗan, watau na Yahudawa. Wannan takarda ta shafi waɗannan gidaje ne: yaya suke kwana a wannan dare, kuma da wane suna suke kiransa?

Mun bi ta hanyar kalmomi saboda abin da talaka ya ji a ransa ba ya cika shiga takardun hukuma, amma yakan bar sawu cikin harshe. Abin da muke son nunawa kashi biyu ne. Na farko, ko a lokacin da Bayahude ya juya wa bukin baya, da kalandar maƙwabcinsa yake lissafi, kuma da kalmar maƙwabcin yake magana. Na biyu, matsalar ta fi wuyar warwarewa bayan an buɗe masa ƙofa, bisa ga lokacin da ƙofar take kulle.

Nazarin ya tsaya ga Yahudawan da ake kira Ashkenazi, na Jamus da Alzas da Polan da Lituwaniya da Rasha, da zuriyarsu ta Amurka. Harshensu na gida shi ne Yidish: gininsa na Jamusanci ne, ya ari kalmomi daga Ibrananci da harsunan Silab, ana kuma rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda aka rubuta Hausa da ajami.

1. Bukukuwa biyu cikin hunturu guda

Shaida mafi tsufa da ke nuna ana bukin haihuwar Annabi Isa ranar 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, ta shekarar 336. Da Latinanci ana kiran ranar «dies natalis», ranar haihuwa. Daga «natalis» Italiyanci ya samu «Natale», Faransanci ya samu «Noël», wadda Hausar Nijar ta ara ta zama «Nowel», alhali Hausar Najeriya ta ari «Kirsimeti» daga Ingilishi.

Su ma Yahudawa suna da bukinsu na wannan lokaci, watau Hanuka, kalmar da ke nufin keɓewa ko ƙaddamarwa. Tunawa ce da shekarar 164 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Yahuza Makabi da mutanensa suka karɓe Haikalin Birnin Ƙudus daga hannun sarki Antiyokus na 4, suka tsarkake shi. Ana farawa ranar 25 ga watan Kisleb, a yi kwana takwas ana kunna fitilu, kowane dare a ƙara ɗaya. Da yake watannin Yahudawa na bin tsayuwar wata ne, tare da gyaran da ke riƙe su cikin yanayin shekara, Hanuka takan faɗo tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba.

Abin lura shi ne, a tsarin addinin Yahudu Hanuka ƙaramin buki ne. Attaura ba ta ambace shi ba, ba a hana aiki cikinsa ba, ba ya kusa da darajar Idin Ƙetarewa ko ranar azumin Kippur. Hasali ma littattafan Makabiyawa, masu ɗauke da tarihin, ba su cikin littattafai masu tsarki na Yahudawa. Coci ce ta adana su da Girkanci. Sai mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo gare shi a kashi na 4.

2. Zamanin ƙofa a kulle: «nitl»

2.1. Asalin kalmar

Sunan da ya fi yaɗuwa ga daren Nowel cikin Yidish shi ne «nitl». Yawancin masana harshe na ganin daga «natalis» ta fito, ke nan da ita da «Noël» uwa ɗaya uba ɗaya suke. Amma masu amfani da ita wani asali dabam suka ba ta, na Ibrananci. A tsofaffin rubuce-rubuce ana samunta da rubutu iri biyu, tun da Ibrananci na da baƙaƙe biyu masu kusancin furuci. In an rubuta ta da baƙin «taw», sai ta yi kama da aikatau mai ma'anar «an rataye», ishara ga gicciyewar da Kiristoci suka gaskata. In an rubuta ta da baƙin «tet», sai ta yi kama da «an ɗauke». Watau an ari kalmar maƙwabci, an bar mata furucinta, an sauya mata ciki: inda shi yake jin haihuwa, mai aron yana jin mutuwa.

Dabarar ba ta tsaya nan ba. Jamusawa na ce wa bukin «Weihnachten», tsarkakan darare. Cikin Yidish «vey» kalmar kuka ce, daidai da «wayyo» tamu, don haka da ɗan karkata wasali sai sunan ya koma «veynakht», daren wayyo. A wasu yankunan gabas kuma «blinde nakht» ake cewa, makahon dare. Mai jin Hausa ya san sakaya suna, kamar yadda uwa ke ƙin faɗin sunan ɗanta na fari. Sai dai a nan kunya ce ke sa sakayawar, can kuwa tsoro ne da ƙin jini.

2.2. Al'adar

Babban abin da aka san «nitl» da shi shi ne barin karatu. A al'ummar da ta ɗauki karatun Attaura da Talmud a matsayin ibadar kullum, daren 24 ga Disamba akan rufe littattafai daga faɗuwar rana, a wasu wurare tun da rana tsaka, har zuwa tsakar dare. A maimakon haka sai a yi karta, wadda malamai suke ƙyama a sauran ranaku, ko darar Turawa, ko a kama ƴan aikace-aikacen gida.

Labarin al'adar ya fara fitowa ne a ƙarni na 16 daga alƙaluman waɗanda suka bar Yahudanci suka shiga Kiristanci, mutanen da ke rubutu don tona asirin danginsu na dā, saboda haka dole a yi hattara da shaidarsu. Daga ɓangaren malaman Yahudawa kuwa, ambato na farko bayyananne yana cikin littafin Yair Bacharach, malamin birnin Worms, wanda ya rasu a 1702. Yahudawan ƙasashen Musulmi, irin su Maroko da Yaman da Iraƙi, ba su san al'adar ba, abin da ke tabbatar da cewa ƴar zaman maƙwabtaka da Kiristoci ce.

Wata hujja ita ce ta kalanda. Sauran bukukuwan Yahudawa da watanninsu ake lissafa su, amma «nitl» kalandar coci take bi. Bayan gyaran da Paparoma Gregori na 13 ya yi a 1582, cocin Katolika da cocin Otodoks suka rabu kan ranaku. Sai «nitl» ma ta rabu biyu: Bayahuden da ke zaune cikin Katolika na rufe littafinsa a Disamba, wanda ke cikin Otodoks na daular Rasha sai a farkon Janairu, kwana 12 baya a ƙarni na 19, kwana 13 daga 1900. Wanda zai ƙaurace wa dare, dole ya san ranar da daren zai zo.

2.3. Dalilai

An ba da dalilai iri uku. Na farko tsaro ne: mai zuwa gidan karatu da dare zai ratsa titunan da suka cika da masu buki, wasu a buge. Gaskiya ne hatsarin ya fi yawa a makon Ista, shi ya sa babban taron coci na Lateran na 1215 ya hana Yahudawa fita a kwanakinsa na ƙarshe. Amma tsarin zaman ya shafi dukan bukukuwa. A Frankfurt, unguwar Yahudawa da aka kafa a 1462 ana kulle ƙofofinta kowane dare, da ranar Lahadi, da ranakun sallar Kiristoci, har zuwa ƙarshen ƙarni na 18. Tsoron kuma ba na banza ba ne. Ranar Nowel ta 1881 a Warso, wani ya yi kururuwar gobara cikin cocin Gicciye Mai Tsarki, alhali ba wuta, mutane fiye da ashirin suka mutu cikin turmutsitsi. Jita-jita ta ɗora laifin kan Yahudawa, aka kwana uku ana fasa gidajensu da kantunansu.

Dalili na biyu na malamai ne: wasu sun ce daren na makoki ne, mai makoki kuwa ba ya karatu, wasu sun ce ana gudun kada ladar karatun ta kai ga wanda ake bukin haihuwarsa. Dalili na uku, wanda Rebecca Scharbach ta kawo a nazarinta na 2013, shi ya fi jan hankalinmu. Manoman Kirista na tsakiyar Turai su ma sun yi imani da cewa a waɗannan darare mafi tsawo na shekara matattu da iskoki na yawo, don haka sukan bar wasu ayyuka, su kwana a farke, su yi wasanni. Ke nan al'adar da ake ɗauka alamar rabuwa ce, wataƙila rabinta tsoro ne na tarayya, wanda kowane ɓangare ya fassara da harshen addininsa.

3. Zamanin gayyata: «Weihnukka»

Ranar 27 ga Satumba 1791 majalisar Faransa ta ba Yahudawa cikakken ƴancin zama ƴan ƙasa. Ostiriya da Hangari suka biyo baya a 1867, daular Jamus a 1871. A daidai wannan ƙarni shi ma bukin Nowel ya sauya kama: ya fito daga coci ya shiga falon gida, ya zama na iyali da yara da kyaututtuka da itace mai ado da kyandirori. Bukin coci ba ya gayyatar Bayahude. Bukin falo kuwa yana gayyatarsa, don ana nuna shi a matsayin al'adar ƙasa, kuma ɗan ƙasa na gari ba ya ƙin al'adar ƙasarsa.

Misalai uku sun isa. Itacen Nowel na farko da aka rubuta labarinsa a Biyana, a 1814, a gidan wata Bayahudiya ƴar asalin Barlin aka gan shi, Fanny von Arnstein, kuma rahoton ƴan sandan ciki ne ya adana mana labarin. Ranar 24 ga Disamba 1895, Theodor Herzl na cikin kunna wa ƴaƴansa kyandirorin itacen sai babban malamin Yahudawan Biyana, Moritz Güdemann, ya shigo, abin kuma bai yi masa daɗi ba. Herzl da kansa ya rubuta haka a littafinsa na yau da kullum. Wata biyu bayan nan, a Fabrairun 1896, ya buga littafinsa mai kira ga kafa ƙasar Yahudawa. Na uku shi ne Gershom Scholem, wanda aka haifa a Barlin a 1897. Ya ba da labari cewa a 1911 ya tarar da kyautarsa ƙarƙashin itacen gidansu: hoton Herzl, wanda iyayensa suka zaɓa masa don sun ga yana sha'awar aƙidar Sahayoniya. Daga nan ya riƙa barin gida duk daren Nowel.

Wannan zama tsakanin gida biyu shi ya haifi kalmar «Weihnukka». Dangance da ginin kalma, an ɗauki gaɓar farko ta «Weihnachten» an liƙa mata wutsiyar «Chanukka», kamar yadda Jamusawa ke rubuta Hanuka. Bambancinta da «nitl» a fili yake. A «nitl» an ɓoye kalmar maƙwabci cikin tufar Ibrananci. A «Weihnukka» an bar kalmomin biyu kowa na ganinsu, kuma ta Jamusanci ce a gaba. Da ba'a aka fi faɗinta, amma ba'ar na nuna halin da ake ciki.

Hatta kayan wasan Hanuka na ɗauke da wannan cuɗanya. Akwai wani ɗan abin murzawa mai fuska huɗu, kamar katantanwar da yara ke juyawa, wanda ake kira «dreydl», daga aikatau «dreyen», juyawa. Asalinsa wasan caca ne na Jamusawa, da ake yi musamman lokacin Nowel, mai haruffa N, G, H, S: ba komi, duka, rabi, zuba. Yahudawa suka mai da haruffan na Ibrananci, daga baya aka karanta su a matsayin farkon kalmomi huɗu masu cewa babbar mu'ujiza ta faru a can. Dabarar dai ita ce ta «nitl»: siffa ta maƙwabci, ma'ana ta gida.

Ƙarshen wannan zamani sananne ne. Daga 1933 gwamnatin Nazi ba ta tambayi wa ke da itace a falo ba, dokokin Nuremberg na 1935 kakanni suka duba. Scholem ya tafi Birnin Ƙudus tun 1923. Wansa Werner kuwa an kashe shi a sansanin Buchenwald a 1940. Ko bayan yaƙi daren bai rabu da tsohon nauyinsa ba: a daren Nowel na 1959 aka zana alamar Nazi a bangon majami'ar Yahudawa ta birnin Kolon, wata uku kacal bayan sake buɗe ta.

4. Amurka: ƙaramin buki ya girma

Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa kimanin miliyan biyu suka bar gabashin Turai zuwa Amurka. A can ba ƙofar da ake kullewa, amma Nowel ta mamaye makaranta da kanti da titi, kuma yara ne suka fi jin abin. Amsar da aka bayar ita ce a ɗaga Hanuka. Tun shekarun 1860 da 1870 malamai biyu na birnin Cincinnati, Isaac Mayer Wise da Max Lilienthal, suka soma shirya wa yara bukukuwan Hanuka masu waƙe-waƙe da kayan zaƙi. A cikin ƙarni na 20 kyaututtuka suka shigo, har bukin da muka ce ƙarami ne a kashi na 1 ya zama wanda sauran Amurkawa suka fi sani cikin bukukuwan Yahudawa. Kusancinsa da 25 ga Disamba ne ya ɗaukaka shi.

A ɗaya gefen kuma, Yahudawa sun sa hannu wajen sauya Nowel ɗin kanta. Irving Berlin, ɗan mai jan waƙoƙin ibada a majami'a, an haife shi a daular Rasha a 1888, aka kawo shi New York a 1893. Shi ya tsara waƙar «White Christmas», wadda ta yi tashe a 1942 da muryar Bing Crosby. Waƙar na zancen ƙanƙara da begen gida, ba ta ambaci haihuwar kowa ba, saboda haka kowa na iya rera ta. Wannan sauyi bai yi wa dukan malaman coci daɗi ba, har a Faransa: ranar 23 ga Disamba 1951 aka ƙone mutum-mutumin «Père Noël», tsohon nan mai raba wa yara kyauta, a gaban babbar cocin Dijon, abin da ya sa Claude Lévi-Strauss ya rubuta maƙalarsa ta 1952 a kan lamarin.

Akwai kuma al'adar cin abinci a gidajen abincin Sinawa ranar Nowel, da yake su ne a buɗe. A 2010, lokacin da majalisar dattawa ke tantance Elena Kagan don zama alƙaliyar kotun ƙoli, wani ɗan majalisa ya tambaye ta inda take ranar Nowel, ta amsa cewa mai yiwuwa tana gidan abincin Sinawa kamar sauran Yahudawa, zauren ya fashe da dariya. A ganinmu wannan jikanyar kartar «nitl» ce: hanyar cika dare da abin da ba ibada ba, sai dai tsoron ya fita, raha ta maye gurbinsa.

Saura batun fili na hukuma. A 1979 shugaba Jimmy Carter ya halarci kunna fitilar Hanuka kusa da fadarsa. A 1989 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gundumar Allegheny: ta hana ajiye siffofin haihuwar Annabi Isa su kaɗai a matakalar gidan shari'a, amma ta yarda da babbar fitilar Hanuka da aka kafa kusa da itacen Nowel a gaban wani ginin hukuma. Yahudawa da kansu sun rabu kan batun. Ƙungiyar Habad na son fitilar a fili, wasu manyan ƙungiyoyi kuwa na ganin tsiraru sun fi tsira in hukuma ta nisanci kowace alamar addini. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, fitilar ta samu izini ne albarkacin itacen da ke gefenta.

Cikin gidaje ma ba a gama magana ba. Binciken cibiyar Pew na 2013 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na Yahudawan Amurka sun sa itacen Nowel a gida: kashi 71 cikin masu aure da wanda ba Bayahude ba, kashi 7 cikin masu aure da Bayahude. Harshe kuma ya maimaita kansa, don a 2003 wani wasan talabijin ya yaɗa kalmar «Chrismukkah», mai gini iri ɗaya da «Weihnukka».

5. Kammalawa

Mun ga hanya uku da tsiraru suka bi da bukin masu rinjaye: sakaya shi, harɗa shi da nasu, ko ɗaga nasu ya yi kafaɗa da shi. Ba wadda ta fita daga inuwar kalandar maƙwabci. Ta farko ta fi sauƙi ta fuskar sanin kai, don mai kulle ƙofa ya riga ya faɗa maka ko kai wane ne. Sauran biyun sun bar wa kowane uba da kowace uwa hukuncin abin da za su ce wa yaron da ya ga fitilu a gidan abokinsa. Tarihin Jamus kuma ya nuna cewa harɗewar kalmomi ba ta zama shaidar an karɓi mutum.

Ibrananci na zamani na kiran bukin «Hag ha-Molad», bukin haihuwa, ba sakayawa ba habaici. Saiwar kalmar, y-l-d, ƴar'uwar w-l-d ce ta Larabci, wadda ta ba mu «Mauludi». A Isra'ila, inda Yahudawa ne masu rinjaye, 25 ga Disamba ranar aiki ce ga yawancin jama'a, Kiristocin Nazarat da Haifa ne tsirarun da ke buki. Duk da haka, a wasu unguwannin Hasidawa na Birnin Ƙudus da na New York ana rufe littattafai a wannan dare har tsakar dare, kuma sunansa a bakinsu yana nan «nitl».